Faɗuwar Baba Nomau a Kwarin Gawo

Ku gyara zama. Labarin nan ba shi da tsawo, amma idan na kai ƙarshensa ku za ku yanke hukunci, don waɗanda abin ya faru a gabansu sun kasa.

A wani gari an yi wata ƙungiyar wasan kwaikwayo mai suna Madubin Gari. A kasuwannin ƙauye da filayen makarantu take wasanta. Shugabanta wani dattijo ne, Baba Nomau. Shi ke tsara wasa, shi ke fitowa a babban matsayi, shi ke tuƙa tsohuwar motar ƙungiya, mabuɗinta kuma ba ya barin aljihunsa. Abin da aka fi saninsa da shi kuwa shi ne iya faɗuwa. Idan wasa ya kai inda ciwo zai kayar da shi, yakan sulale ƙasa har mata su kau da kai.

Wata shekara aka gayyaci ƙungiyoyin al'adu taron bita a babban birni: makaɗa, masaƙa, masu kula da gidajen tarihi, da 'yan wasa. Baba Nomau ya ce ba zai zauna a kujerar roba yara su koya masa abin da yake yi tun kafin a haife su ba. Ya tura mutum uku: Kuluwa, mai fitowa a matsayin uwa, Ilu, makaɗin ƙungiya, da Sallau, ɗan barkwancinsu. An raba taron ɗaki uku, kowannensu ya shiga ɗaya.

Kuluwa ta shiga ɗakin da ake maganar sauyi. A nan mai koyarwa ta yi musu tambayar da ta tsaya mata a rai: wane ne a ƙungiyarku wanda idan ya kwanta yau komai ya tsaya? Da ta dawo ta roƙi Baba ya koya wa wani tuƙi, ko ita ko waninta.

Ya ce, "Ke 'yar nan, motar nan ba ta san hannun kowa ba sai nawa. Je ki ninke kayan wasa."

Ta je ta ninke kayan. Ta samu ƙanenta mai a-kori-kura ya riƙa koya mata a bayan gari. Duk tafiyar da za su yi kuma sai ta zauna bayan kujerar Baba tana kallon hannunsa da ƙafarsa, har ta gane cewa birkin motar ba ya kamawa sai an yi ta danna shi, giyar baya kuma sai an lallaɓa.

Ilu ya shiga ɗakin hulɗa da jama'a. Aka ce musu kada ƙungiya ta faɗo wa ƙauye ta yi wasa ta kwashe tabarminta ta tafi. A riga zuwa, a gaida mutane, a ji abin da ke damunsu, a gina wasan a kansa, sannan a bar 'yan kallo su sa baki a cikin wasan. Baba ya yarda da wannan, don ya ga zai tara jama'a. Da aka sa ranar zuwa ƙauyen Kwarin Gawo, Ilu ya riga su. Ya gaida mai unguwa, ya zauna da mahauta, ya sha fura da Ɗan'auta mai amalanken shanu. A wurin injin niƙa ya haɗu da wata tsohuwa, Inna Tambai, wadda mijinta ya faɗi a gona bara, aka yi ta shawara a kansa har rai ya yi halinsa kafin a kai shi asibiti. A kan labarinta aka gina wasan. Ilu ya bi gida gida yana cewa, "Za ku ga mutum ya faɗi, za mu roƙe ku taimako kamar gaske. Kada ku tsorata, wasa ne. Ku dai faɗi abin da ya kamata a yi."

Sallau kuwa ya shiga ɗakin kula da lafiyar 'yan ƙungiya ne don ya ji a nan ake raba lemo. Amma ya fito da abu biyu. An nuna musu alamun shanyewar ɓarin jiki: baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe. An kuma ce kafin kowane wasa wani ya zagaya ya tambayi kowa lafiyarsa, tambayar da ta wuce ta gaisuwa. Sallau ya ɗauki wannan aiki, ana yi masa dariya ana kiransa likita. Da naci da zolaya ya gano cewa Baba yana da hawan jini, kuma ya daina shan magani domin yana sa shi yawan fita bayan gida a tsakiyar wasa. Baba ya sa shi ya yi alkawarin ba zai faɗa wa kowa ba.

Ranar wasa ta zo. Tsakanin titi da Kwarin Gawo akwai faffaɗan rafi da ya ƙafe, yashi ne zalla, mota ba ta ratsa shi. Suka ajiye ta a wancan ƙetaren suka ɗauki kaya a ka. A hanya Kuluwa ta sake tayar da maganar mabuɗi, Baba ya fusata ya yi ta faɗa har jijiyoyin wuyansa suka tashi.

Da hantsi fili ya cika. Wasa ya yi daɗi, ya kai inda Baba zai faɗi, ya faɗi. Jama'a suka ɗauki tafi. Wani mahauci ya ce bai taɓa ganin faɗuwa mai kyan wannan ba.

Sallau ne kaɗai bai ji daɗinta ba. Ya san Baba kullum ɓangaren dama yake faɗuwa don kare gwiwarsa mai ciwo, kuma yakan dafe hularsa. Yau a kan gwiwar ya zube, hular ta gangara cikin ƙasa bai bi ta da ido ba. Sallau ya durƙusa ya ga bakin ya karkace. Ya ɗaga hannun Baba na hagu ya sake shi, ya faɗo kamar tsumma. Ya miƙe ya ce, "Jama'a, wannan ba wasa ba ne. Baba ba shi da lafiya."

Fili ya ɗauki dariya, don ɗan barkwanci ne ya faɗa, fuskarsa shafe da gari, cikinsa cushe da tsummokara. Sai mutane suka fara yin abin da aka ce su yi. Wata ta ce a ba shi jiƙo. Wani ya ce a'a, darasin wasan shi ne a kai shi asibiti. Wani malamin makaranta ya ɗaga hannu yana jiran a ba shi dama. Hatta 'yan ƙungiyar sun tsaya a wurarensu suna jiran Baba ya buɗe ido ɗaya kamar yadda ya saba. Sallau ya kwantar da shi ta gefe, ya hana a ɗura masa ruwa, yana ta rantsuwa, suna ta tafi.

Ilu ya dubi idon Sallau ya ga ba wasa yake yi ba. Ya ajiye gangarsa. Ya san duk ihun da zai yi cikin wasa za a sa shi, tunda shi da bakinsa ya gaya musu haka. Sai ya ratsa taron ya je inda mata suke, ya durƙusa gaban Inna Tambai.

Ya ce, "Inna, ki yi mini afuwa. Ki zo ki dubi idonsa."

Ta tashi ta bi shi. Ta sunkuya a kan Baba, ta daɗe. Da ta ɗago ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Haka idon Malam, maigidana, ya yi a gona."

Dariyar ta mutu daga gaba zuwa baya. Mahaucin nan ya tsaya da hannuwansa a buɗe, bai ƙarasa tafin ba. Ilu ya kira Ɗan'auta da sunansa, kafin a ce wani abu an ɗaura shanu. Aka shimfiɗa Baba a amalanke, samarin gari suna turawa, aka ratsa yashin.

A wancan ƙetaren suka tsaya cirko-cirko gaban mota. Babu direba a Kwarin Gawo, sai masu babura, Baba kuwa ba ya iya zama. Kuluwa ta sa hannu a aljihunsa ta ciro mabuɗin. Wani ɗan wasa ya ce, "Yaya Kuluwa, me za ki yi da shi?" Ta ce, "Ku sa shi a baya, ku riƙe masa kai." Da zanen wasa a jikinta ta hau, ta lallaɓa giyar baya, motar ta juya. A gangaren da ke kusa da titi ta yi ta danna birki har ya kama. Ba ta tsaya ba sai a ƙofar asibiti. Likita ya ce da sun ƙara jinkiri, da wani labarin ake yi.

Baba Nomau ya rayu. Hannun hagu bai dawo ba, harshensa ya yi nauyi, ya san shi da fili sai kallo. Da ya samu sauƙi ya tara ƙungiya a zaurensa, ya ajiye hular wasa da mabuɗin mota a kan tabarma, ya ce cikin ukun nan za a ba ɗaya shugabanci. Nan zaure ya rabu.

Wasu suka ce Sallau. Ba don shi ba, da an yi ta tafi har Baba ya cika a gaban jama'a. Aka amsa musu cewa Sallau ya san an daina shan magani ya yi shiru. Ya ce, "Alkawari na ɗauka. Da na karya shi, wa zai ƙara gaya mini gaskiyar jikinsa?"

Wasu suka ce Ilu. Ba don shi ba, da babu wanda ya yarda, da kuma ba a ratsa yashi ba. Aka amsa musu cewa shi ne ya koya wa ƙauye guda su ga mutum a ƙasa su ɗaga hannu suna jiran a ba su dama. Ilu bai musa ba.

Wasu suka ce Kuluwa. Ba don ita ba, da gani da yardar duk sun ƙare a bakin rafi. Aka amsa musu cewa ita ta ɓata wa dattijo rai da safen ranar wasan, kuma a ɓoye ta koyi abin da shugabanta ya hana. Ta ce, "Da na bi umarninsa, da yau ta'aziyya kuka zo."

Baba yana jinsu duka. A ƙarshe ya yi magana a hankali, kalma tana jan kalma. Ya ce, "Ban san wanda zan gode wa ba. Ban san wanda zan yi fushi da shi ba." Ya tura hular da mabuɗin tsakiyar tabarma da hannunsa mai lafiya, ya jingina da bango.

Suna nan inda ya tura su. To ku da kuka ji yadda aka yi, tsakanin wanda ya gane, da wanda ya sa aka yarda, da wadda ta tuƙa, wa ya cancanci ya miƙa hannu ya ɗauka?