Ƙoƙon Malam Jatau a Farin Ruwa

Ku matso ku ji, amma kowa ya riƙe gardamarsa sai na kai aya.

Malam Jatau a gindin magangarar Farin Ruwa aka binne cibiyarsa, tun kafin hukuma ta tashi ƙauyensu ta mai da wurin gandun daji. Da tsufa ya kama shi, ido ya soma dushewa, likita ya ce kafin damina duhu zai rufe. Ya tara 'ya'yansa uku ya ce, "Ku kai ni in ga ruwan nan tun ina gani."

Suka nemi izinin hukuma, suka kama hanya da ƙafa. Tafiya ta yi nisa, ciyawa ta cinye turbar, tsoho ya rasa gabas balle yamma. Mantau, babban ɗansa, maharbi ne. Ya duƙa ya tsinci sawun ɓauna, ya ce ita ba ta ɓatan hanyar ruwa. Shi ya fitar da su.

To, tsohon naku da son gayu! Wai zai gai da mahaifarsa, ya sheƙa turare kamar ranar Sallah. Ƙudan zuman dutse suka ji ƙamshi, suka yo kansa. 'Yarsa Lantana ta yaye mayafinta ta lulluɓe uban, ta kunna busasshiyar ciyawa, ta tsaya cikin hayaƙi suna harbinta har idanunta suka kumbure suka rufe.

Saura hawan dutse mai santsi, ga gwiwar tsoho ta ƙi. Ɗantala, autansu, ya goya shi, ya hau da rarrafe, tafin hannunsa na jini.

Sai ga ruwa. Fari fat, yana zubowa daga inda tsuntsu ma sai ya huta kafin ya kai, ƙasa na rawa, bakan gizo tsaye cikin feshi. Jatau ya ji tsoro da daɗi sun haɗe masa. Ya ga komai, har kukar ƙofar tsohon gidansu. Ya ce, "Tsarki ya tabbata ga Allah," hawaye na bin gemunsa.

A al'adar mutanensu, wanda ya iso wurin yakan ɗebi ƙoƙon farko ya miƙa wa wanda ya kawo shi, kuma ba a raba shi. Jatau ya ɗebo, ya juyo ya fuskanci 'ya'yansa. Ga wanda ya gano hanya, ga wadda ta zo har nan ba ta ga ruwan ba, ga wanda ya goya shi.

To jama'a, wa zai miƙa wa ƙoƙon nan?