Akuya da ƙayar da ke ƙafar Kura

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

Wata rana da damina, Akuya ta yi nisa da kiwo, sai Kura ta cafke ta. Akuya ta lura Kura na ɗingishi, ƙafar gaba ta kumbura suntum. Ta duba da kyau, sai ta hango ƙaya a ciki. Amma ta ɓoye wa Kura.

Ta ce, "Yaya Kura, da wannan ciwo ai nama ba zai yi miki daɗi ba. Ni kuwa ba ganyen da ban tauna ba a dajin nan."

Kura ta ce, "Yi maza, mai gemu. In na warke na cinye ki."

Sai ta ɗaure ta da doguwar igiya. Akuya ta tsinko ganyen sabara, ta tauna, ta lafta a ƙafar. Kafin la'asar zugi ya kwanta, Kura ta yi barci har da minshari.

Kashegari Akuya ta sake laftawa. Kumburi ya saɓe. Kura ta taka, ta ce, "Kai, hannunki da albarka! Namanki ma haka zai yi."

Rana ta uku Akuya ta ƙara laftawa. Kura ta yi tsalle, ta dire, ba ta ji komai ba. Ta ce, "Na warke. Matso."

Akuya ta ce, "To. Amma ba a cin mai magani da igiya a wuya, ciwon dawowa yake yi. Kuma sai an wanke ganyen a rafi tukuna."

Kura ta yi dariya. "In kin gudu ma, ina za ki da waɗannan ƙafafu kamar sillen kara?"

Sai ta kwance ta, ta gangara rafi ta wanke ƙafa tas. Akuya ta ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Kura ta rufa mata baya. Suka hau kan fako, Kura ta doka ƙafa da ƙarfi, sai ƙaya ta nutse har ƙashi. Ta zube tana kururuwa, "Ƙanwata, ganyen! Ganyen!"

Akuya ta waiwayo daga bakin gari ta ce, "Ganye ya yi nasa, Yaya. Ƙayar ce ba ki tambaya ba."

Kun ji, lafawar zafi ba ita ce warkewa ba.

Ƙurunƙus, kan ɗan ɓera.