Rafel ɗin Motar Alhaji Mai Nasara

Yau wata bakwai ba na jin ƙarar makullai a ƙofar gida. Maigidana Idirisu direba ne, kafin ya yi sallama makullansa sun riga sun yi masa. Allah ya karɓi abinsa. Ni ba mai dogon karatu ba ce, a firamare na tsaya, amma akwai labarinsa guda da nake so ku ji.

Akwai wani attajiri a nan Damagaram, Alhaji Mai Nasara, shi Idirisu yake tuƙawa. Gab da farin 2005 ya sayi wata baƙar mota sabuwa dal, kujerunta na fata, sanyin cikinta kamar randa. In ta tsaya a kasuwa har masu awo sai sun ɗaga kai.

Muna cikin farin nan, tiyar hatsi ta gagari talaka, sai takarda ta zo daga kamfanin motar a Yamai. Da aka karanta wa Alhaji cewa a mayar da motar, bai bari an kai ƙarshe ba.

"A mayar? A ɗora motata a kan babbar mota, gari ya ce fari ya ci Mai Nasara har ya sayar? Idi, ungo, ka goge hannu da ita."

Idirisu bai goge ba. Ya sa ta a aljihu ya kawo mini gida a unguwar Kara-Kara, don shi Faransancinsa bai wuce na gaisuwa da jandarma ba.

A samanta an rubuta RAPPEL da manyan baƙaƙe. Wannan kalma na san ta, don tana cikin karne, wato katin rigakafin 'yarmu Sakina, wadda lokacin take goye. Mu mata rafel muke cewa, wato kiran a koma a ƙara wa yaro allura. Sauran na bi a hankali ina haɗa baƙi. Wai tiyon man birki na irin motocin nan yana tsagewa in ya sha zafi, a kawo su canza.

Na ce, "Baban Sakina, ai ba ƙwace motar za su yi ba. Rafel ne. Ran da na mayar da Sakina gidan likita ciwo take yi?"

"Lafiyarta lau, har da cizon malamar."

"To, haka ake yi. Tun da lafiya ake komawa."

Sai ya ce dama kwana biyu in rana ta take yana jin birkin ya yi laushi a ƙafarsa.

Da safe ya sami Alhaji ana shirin zuwa garin Droum, za a kai sadakar hatsi ga dangi, iyali duk sun yi ado. Ya durƙusa ya yi bayani, har da misalin Sakina. Alhaji ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Wato motata jaririya ce? Matarka ce makanikenmu yanzu? Tashi ka tayar."

"Ranka ya daɗe, ka gafarce ni. Ba zan ɗauki iyalinka a cikinta ba."

"To, ajiye makullan. Direbobi sun fi hatsi yawa a garin nan bana."

Ya ajiye. Amma kafin ya fita ya roƙi abu ɗaya, ko da za a je da ita, mata da yara su bi motar hatsi. Uwargidan Alhaji tana ji daga zaure. Sai ta kwashi 'ya'yanta ta hau babbar mota bisa buhuna.

Ranar da ya dawo babu ƙarar makullai, na gane. Ba zan ɓoye muku ba, na yi kuka a madafa, na ce bakina ya jawo mana. Kwana tara muna jiƙa anza, 'ya'yan itacen dajin nan masu ɗaci, muna ci. Shi kuwa kullum sai ya ce, "Wasila, yunwa da sauƙi a kan a ce ni na tuƙa su."

Abin da ba mu sani ba, tun ranar farko Alhaji ya tuƙa da kansa. Da azahar, dab da wata rijiya da makiyaya suka taru da ramammun shanunsu, ya taka birki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa. Allah ya ba shi dabara ya karya kan motar cikin rairayi, ta kutsa shingen ƙaya ta tsaya. Goshinsa ya fashe, ba wanda ya mutu. Kunya ce ta riƙe shi kwana tara.

A na goma sai ga shi a ƙofarmu bisa kabu-kabu, da filasta a goshi, wani babur na biye da buhun hatsi. Ya miƙa wa Idirisu makullai ya ce, "Idi, ka yafe mini." Sannan ya ɗaga murya don in ji daga ciki.

"Malama Wasila, yaushe za a kai jaririyar rafel?"

Idirisu ne ya raka ta Yamai bisa babbar mota, da rana tsaka, ta tsakiyar gari. Alhaji da kansa ya ce a bi ta kasuwa. Daga nan suka zauna tare shekara goma sha takwas, ba mu ƙara kwana da yunwa ba. Sakina yanzu ita ke yi wa 'ya'yan mutane allura.

Ranar jana'izar Idirisu, Alhaji ya tsufa, da sanda ya zo. Ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce, "Wasila, Wanda ya ƙera shi ne ya kira abinsa. Amma ni shaida ne, ba don aibi ba."

Maganar nan ita nake riƙe da ita, kuma hankalina kwance yake.

Darasi: In an gaya maka akwai aibi a abinka, ba zaginka aka yi ba. Ka gyara tun da lafiya, kada ka duba abin da gari zai ce, kada kuma ka raina bakin da ya faɗa maka. Ku tura wa duk mai mota da duk direban da kuka sani.

Ku taya ni addu'a: Allah ya jiƙan Idirisu, ya haskaka kabarinsa, ya kai kowane matafiyi gida lafiya. Wanda ya karanta ya ce amin.