Minti Goma Sha Tara da Ragon Malam Tanimu

Ku gyara zama. Maganar nan ta ishe ni, yau a kanku zan sauke ta.

A madatsar ruwan Kwarin Ɗinya akwai mai kula da ƙofar ruwa, Malam Tanimu, shekararsa ashirin da shida a bakin aiki. Wata Asabar da damina ruwa ya tumbatsa, ya cinye shinkafar gida arba'in. Aka kafa kwamiti, aka jefa ni ciki saboda furfura. Ma'aunin ruwa, wanda agogonsa ba ya kuskure, ya ce ruwa ya kai jan layi ƙarfe biyu daidai. Kwamfutar ofis kuma ta ce Tanimu bai danna maɓallin buɗe ƙofa ba sai biyu da minti goma sha tara, alhali doka minti biyar ta ba shi. Ya rantse yana jin ƙararrawa ya danna, babu wanda ya saurare shi. Har an buga takardar kora, manoma sun daina amsa sallamarsa.

Sai Injiniya Rakiya, wadda ta rubuta manhajar kwamfutar, ta ce a dakata. Babban kundin da muka duba a kwamfuta, in ji ta, ba ya rubuta abu sai kwamfutar ta samu sarari, ranar kuwa aiki ya yi wa na'urar yawa. Shi ya sa tun farko Rakiya ta dage aka yi ƙaramin kundi mai buga lokaci nan take da an danna maɓalli. Matsalar ita ce yana share kansa duk bayan mako guda.

Ashe Ladidi magatakarda tana kwafe shi kowace Alhamis, ba ta ma san karanta shi ba. Sau biyu ana ce mata ɓata lokaci take yi, ta yi kunnen uwar shegu. Aka buɗe kwafinta, ya nuna biyu da sha ɗaya. Da sauƙi, amma har yanzu Tanimu korarre ne.

Nan Sama'ila mai lantarki ya zaro wani littafi da ya sha maiƙo. Kullum da safe yakan gwada agogon kwamfuta da labaran rediyo, ya rubuta bambancin, ba wanda ya sa shi. Ranar ambaliya agogon yana gaba da minti takwas. Biyu da minti uku ke nan Tanimu ya danna. Ruwan ne kawai ya fi ƙarfin ƙofa.

Tanimu ya yi kuka, ni ma na ji kunyar hannun da na riga na sa a takardar. Washegari ya jawo rago har ƙofar gidana.

"Ka ba wanda ya wanke ni," in ji shi. "Kada a yanka a raba. Mutum ɗaya na yi wa alkawari tsakanina da Allah."

Yau mako uku ragon yana ɗaure a gidana, ya ƙarar mini da harawa, uwargida ta fara yi mini kallon banza. To, tsakanin Rakiya da Ladidi da Sama'ila, ƙofar wa zan kai shi?