Takalmin Inna da Jan Babur ɗin Armaya'u

Akwai wani malamin firamare ana ce masa Armaya'u, ɗan asalin Karare, aiki ya kai shi Safana. Mutum ne mai sanyin hali, ba shi da abokin faɗa. Abu ɗaya ne in ka taɓa ka taɓo ransa, wato wani jan babur irin na tsere da ya saya na hannu. Kafin ya goge takalminsa da safe sai ya goge babur. Abokan aikinsa kan ce da babur na cin tuwo, shi za a fara zuba wa.

A kan babur ɗin nan yake ɗaukar mahaifiyarsa, Inna, duk wata daga Karare zuwa asibiti a Batsari. Tana fama da hawan jini da ciwon gwiwa, can ake auna ta a ba ta magani.

Armaya'u shi ne ɗanta na fari, Inna kuwa ta riƙe kunyar ɗan fari da hannu bibbiyu. Ba ta kama sunansa, ba ta roƙonsa komai. In tana da magana sai ta juya wajen autarta Nazifa ta ce, "Ki ce ma wancan..." alhali wancan na zaune tabarma ɗaya da su.

Wata rana ya shiga Katsina wajen masu kayan babur. Mai shago ya jera masa shokazoban gaba, wato ƙarafen da ke shanye jijjigar hanya, iri biyu, ɗaya mai laushi, ɗaya mai tauri irin na 'yan tsere, wanda ba ya wasa in an sha kwana da gudu. Ya kuma nuna masa wasu matakan ƙafa sirara masu sheƙi, waɗanda ake ɗaurawa can sama.

Malam bai ko yi shawara da zuciyarsa ba. Ya zaɓi mai tauri, ya zaɓi sirara, aka canza har matakan mai zama a baya.

Gaskiya babur ya yi kyau. A kan kwalta sai ka rantse ba ya taɓa ƙasa. To amma hanyar Karare ba kwalta ba ce, kuma damina ta bar ta duk ramuka.

Da ranar asibiti ta zo, Inna ta hau kamar yadda ta saba, zaman gefe irin na tsofaffi, ƙafafu biyu ɓangare ɗaya. Suka je suka dawo, ba ta ce uffan ba.

Wata na zagayowa ta ce, "Ki ce ma wancan na ji sauƙi, ba sai an je ba."

Na bayansa ma haka. Magani ya ƙare, ƙafafunta suka fara kumbura, jiri na kwasarta in ta miƙe. Armaya'u ya yi lallashi, ya yi fushi, a banza. Abin ya dame shi ƙwarai, har ya fara tunanin ko wani laifi ya yi mata.

Nan Nazifa ta ja shi bayan rumbu, ta zaro wani takalmin roba daga cikin mayafinta. Gefensa duk ya narke.

"Yaya, ka san wannan?"

"Na Inna ne. Mi ya same shi?"

"Salansarka ta same shi. Matakin nan naka mai sheƙi ya yi mata sama, kuma ƙafa ɗaya kaɗai yake ɗauka. Ɗayar reto ta riƙa yi har ta kwanta kan salansa. Ga gaban babur ɗin ya koma kamar turmi, duk ramin da kuka faɗa a ƙugunta yake ƙarewa. Da kuka dawo sai da na gasa mata baya da ruwan zafi."

"To mi ya hana a faɗa mani?"

"Ita ta hana. Ta ce, yaron nan abu ɗaya yake so a duniya, kada a ɓata mashi."

Armaya'u ya tsaya riƙe da takalmi, idonsa ya cika da hawaye. Kunya da tausayi suka rufe shi.

Washegari ya ba abokinsa Mannir tuƙi, shi ya zauna a baya zaman gefe irin na Inna. Ba su bar gonakin gyaɗar bakin gari ba ya ce a tsaya. Sai da ya dafa ƙugu sannan ya iya sauka.

Daga nan suka lallaɓa zuwa wajen bakanike a Batsari. Wannan karon da aka jera masa kaya, sai da ya danna kowane shokazoba da hannunsa, ya ɗauki wanda ya fi laushi. Ya sa mai walda ya ƙera masa mataki mai faɗi, ƙasa-ƙasa, wanda zai ɗauki ƙafa biyu, da ɗan ƙarfe da zai raba shi da salansa. Da takalmin Inna aka auna faɗinsa.

Mannir ya zagaye babur yana dariya. "Malam, ai ka kashe shi. Yanzu saura a ɗora mashi buhun dawa."

"Bari dai," in ji Armaya'u. "Sai yau ya zama nawa."

Ya isa Karare da sabon takalmi a leda, ya jingine babur a ƙofar gida. Inna ta fito ta dubi matakin, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta koma ɗaki ta yafo mayafinta.

Da suka kai Batsari ta sauka da kanta, ba wanda ya riƙe ta. Babu Nazifa a wurin da za a aika da magana. Inna ta dubi gefe, ta gyara mayafi, ta dafa kujerar babur ta ce masa, "Kai jan babur, ka ce ma maigidanka Allah shi yi mashi albarka."

Darasi: Shirun iyaye ba ya nufin ba su jin ciwo, sau da yawa ƙaunarka ce ta rufe musu baki. Kafin ka zaɓi abin da zai burge mutane, waiwaya ka dubi wanda ke zaune a bayanka. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, ko wani zai je ya duba takalmin mahaifiyarsa yau.