Warin Sifirit a Hannun Mai Aski

Ya 'yan uwa, mutumin da ya bar giya amma ya ƙi sunkuyawa gaban wadda ya karya wa hannu, shin tubarsa ta cika? Na daɗe ina juya tambayar nan, har yau ban sami amsa ba.

An yi wani mai aski, shagonsa kujera biyu da madubi mai tsaga a gefe. Shekara goma sha ɗaya yana sha. Wata la'asar ya shigo gida a buge, mahaifiyarsa ta tare ƙofa, ya hankaɗe ta. Ta faɗa kan bokiti, wuyan hannunta ya karye, ya kuma haɗe a karkace. Tun daga nan da hannu biyu take ɗaukar kofi.

Daga baya ya daina, dainawa ta gaskiya. Wata takwas ko ɗigo bai taɓa ba. Hannunsa ya bar rawa, mutane suka dawo aski, abokan shansa in sun wuce sai su ce a gai da Liman. Da idonsa ya washe, sai ya fara ganin abin da ke tayar masa da hankali. 'Yarsa da ta ji takunsa take yin tsit. Matarsa har yanzu a saman kabad take ajiye wuƙa.

To, kun san aikin aski. Kowane kai sai an shafa masa sifirit, ruwan nan mai wari irin na giya, da shi kuma ake goge kayan aiki. Warin nan yana bin hannu da riga har gida. Tsohuwa idonta ya yi rauni, hanci ne ya rage mata. Duk ranar da ya zo gaishe ta sai ta ji warin, ta ja hannun nan ta cusa cikin mayafi.

Ran nan ta ce, "Babba, matso ka hura min numfashinka. In ji da kaina, hankalina ya kwanta."

Ya ce, "Haba Inna, ni da furfurata? Allah ya san na bari, ya isa."

Ƙanwarsa ta bi shi har ƙofa tana cewa iska ce fa kawai, ba a ce ya ba da jini ba. Ya ce shi ba jariri ba ne da za a shinshina. Amma can ƙasan ransa tsoro ne. In ya matso, dole ya kalli hannun nan kusa da kusa, dole ya ce ta yafe masa, kuma bai san me za ta amsa ba.

Bayan sati uku, da hantsi, yana tsakiyar aski ƙanwar ta kira. Ya bar kan mutum rabi ya fita a guje. Inna ta faɗi, jiki ya shanye, baki ya mutu. Likita ya ce ba su da tabbacin tana gane kowa. Ƙanwar ta gaya masa maganarta ta ƙarshe da safen nan: addu'a take yi Allah ya raba Babba da kwalba.



Ya 'yan uwa, ɓarnar giya ba ta ƙarewa ranar da aka ajiye kwalba. Tana nan a jikin waɗanda suka zauna da kai. Haƙƙin Allah kai da Allah ne, amma haƙƙin mutum sai ka je gabansa tun yana iya buɗe baki. Wa ya ba ka tabbacin gobe?

Mai askin ya wanke hannu da sabulu har sau uku, ya tuɓe rigar shago ya jefar waje. Ya durƙusa bakin gadon, ya kama hannun nan mai karkata, ya kai bakinsa kusa da hancinta ya hura.

"Inna, kin ji? Babu."

Idonta na kallon rufi. Ya sake hurawa.

Allah ya kiyaye mu da tubar da ta makara a hanya.