Tsohon Mai Jirgin Abhur

Akwai wani mutum a Jidda mai suna Abdulghani, haifaffen unguwar Hindawiyya. Kakansa ne ya taso daga ƙasar Katsina don aikin hajji, bai koma ba. Abdulghani ya tashi da Larabci a waje, Hausa a gida. Da ya kawo ƙarfi ya buɗe shagon kayan gyaran na'urar sanyaya ɗaki a unguwar Ammariyya, kuma sana'ar ta karɓe shi. Ya kama ɗakin ajiya babba a gabashin gari, ya ɗauki ma'aikata.

Tun yana saurayi yake da buri guda: ya mallaki jirgin ruwa mai tafiya da iska, irin waɗanda ake ɗaurewa a mashigar teku ta Abhur. Ya daɗe yana bin jiragen abokai, yana ja musu igiya, har ya iya tuƙi. A shekarar 2005 aka ce masa akwai wani na sayarwa.

Jirgin ba sabo ba ne. Fari ne, da ɗan ɗaki da wurin kwana a ciki, da doguwar sanda a tsakiya inda ake ɗaura shira'i, wato babban ƙyallen da iska ke turawa. Ana yawo da shi, ana kuma shiga tsere da shi. A jikinsa an rubuta Zinariya.

Abdulghani ya sa aka ciro shi daga ruwa. Ya duba ƙasansa, ya gwada injin, ya warware shira'in ya bi ɗinkin da hannu. Ya ga alamar mai shi ya kula da shi sosai.

Wanda ya zo cinikin wani ɗan kasuwa ne mai suna Mahmud, mutum mai sauri, waya a kunne. Ya ce jirgin na mahaifinsa ne, amma ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, likita ya hana shi shiga teku.

"Halas, magana ta ƙare," in ji shi. "Ba mai amfani da shi a gidanmu. Ka ɗauka."

Ba a ja ciniki ba. Abdulghani ya karɓi makulli ya tafi gida da murna.

Ranar Alhamis, da yake ita ce ranar hutu a lokacin, ya je Abhur. Sai ya tarar da wani tsoho zaune kan kujerar roba dab da jirgin, sanda a tsakanin ƙafafunsa, hannun hagu a kwance kan cinya ba ya motsi. Direba ne ya kawo shi.

Tsohon ya dube shi sama da ƙasa, ya ce da Hausa, "Kai ne ka saye ta?"

Shi ne Baba Othman, mahaifin Mahmud. Shi ma haifaffen Jidda ne, kuma sunan mahaifiyarsa ya sa wa jirgin. Tun da ciwon ya same shi Larabci yake masa nauyi a baki, sai Hausar da ya sha a nono take fita da sauƙi. 'Ya'yansa suna ji, amma a taƙaice suke amsa masa, da Larabci.

Abdulghani ya gaishe shi da ladabi, ya kawo masa shayi. Ya ɗauka zuwan ban kwana ne.

Alhamis ta gaba tsohon ya sake zuwa. Ta gaba ma haka.

Kuma ba shiru yake zama ba. In Abdulghani ya ɗaure igiya, ya ce ba haka ake yi ba. In ya wanke jirgin, ya ce sabulun zai ci fenti. Wani lokaci maganarsa gaskiya ce, wani lokaci kuwa abin da ya hana makon jiya shi yake cewa a yi yau. Da Abdulghani ya yi zancen canza wa jirgin suna, tsohon ya buga sanda a ƙasa har mutane suka waiwayo. Aka bar zancen.

Wata rana Abdulghani ya gayyato wani babban abokin cinikinsa don ya zaga da shi. Kafin su hau, tsohon ya ja rigar baƙon, ya yi ta kokawa da Larabcinsa har ya gaya masa cewa jirgin nasa ne, wannan yaron kula masa yake yi da shi. Baƙon ya yi dariya, ya ce wa Abdulghani ashe gadi yake yi a ranakun hutu. Har suka dawo yana ta maimaita zolayar.

Abin ya ci wa Abdulghani rai. Ƙanin matarsa Rafi'u, wanda yake taya shi tuƙi, ya ce maganin abin mai sauƙi ne: a gaya wa masu tsaron ƙofa cewa tsohon ba shi da jirgi a nan yanzu, kada a ƙara barinsa ya shigo.

Abdulghani ya kai zancen gida. Matarsa Mastura ta saurara har ya gama, sannan ta tambaye shi ko tsohon ya taɓa ɗaukar masa wani abu. Ya ce a'a. Ta tambaya ko ya taɓa hana shi fita da jirgin. Ya ce a'a.

"Kai da kanka ka je ka saya," in ji ta. "Shi kuwa yana kwance aka sayar. Ka bar masa kujerarsa."

Washegari Abdulghani ya tsaya a bakin ƙofar Abhur, ya gaisa da masu tsaro, ya wuce bai faɗi abin da ya kawo shi ba. Ba wai ya fara son tsohon ba ne. Bakinsa ne kawai ya kasa faɗa.

Haka aka ci gaba har lokacin sanyi ya zo, lokacin da masu jirage a wurin suke shirya tsere a tsakaninsu. Abdulghani ya ɗauki abin da muhimmanci. Ya sayi sababbin igiyoyi, ya sa aka kankare ƙasan jirgin, shi da Rafi'u da wani abokinsu suka yi ta atisaye. Waɗanda suka san harkar suka ce bana Zinariya tana iya zuwa ta ɗaya. Abdulghani yana son hakan ƙwarai, don har lokacin wasu a wurin kallon mai shagon gyara suke masa.

Da safen ranar tseren suka tarar da Baba Othman a tsaye, ba a zaune ba. Ya sa farar riga sabuwa, ya dogara da sanda.

"Ɗana, ka tafi da ni," in ji shi.

Rafi'u ya ja Abdulghani gefe. Ya tuna masa cewa a tsere jirgi kan karkata, mutane suna tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan. Mai rabin jiki sai an ware mutum guda ya riƙe shi, ke nan sun rasa hannu. Ga kuma ɗansa bai sani ba.

Abdulghani ya kira Mahmud a waya, ba a ɗauka ba. Tsohon ya gane wanda ake kira.

"Ni ba yaro ba ne da za a nemo mini izini," in ji shi. "Ban taɓa roƙonka komai ba. Yau na roƙa."

Abdulghani ya dubi sauran jiragen da suka fara fita. Sannan ya ce a kawo rigar ceto.

Suka ɗauki tsohon suka zaunar da shi kusa da wurin tuƙi, suka ɗaure shi da igiya a ƙugu. Da farko sun yi gaba sosai. Amma da suka fita fili iska ta ƙaru, jirgin ya karkata, ruwa ya fara watsowa ciki. Abdulghani ya ga tsohon yana zamewa duk da riƙon da aka yi masa. Ya ce a rage shira'i.

Rafi'u ya ce in aka rage, tsere ya ƙare. Abdulghani ya ce ya sani, a rage.

Jirgin ya miƙe, gudunsa ya ragu. Ɗaya bayan ɗaya sauran suka wuce su, wasu suna ɗaga musu hannu. A hanyar dawowa, da suka shigo inda ruwa ya kwanta, Abdulghani ya kama hannun tsohon mai lafiya ya ɗora kan sandar tuƙi, ya sa nasa a ƙasa. Tun fitarsu har dawowa Baba Othman bai gyara wa kowa aiki ba. Gaba kawai yake kallo.

Su ne na ƙarshe. Kafin su ɗaure jirgi an riga an ba da kofi, an fara cin abinci. Wani ya nuna jirginsu cikin ba'a ya ce ga motar asibiti ta iso, sunan kuma ya bi jirgin. Rafi'u ya ɗauki jakarsa ya ce a nemi wani a shekara mai zuwa.

Abin bai tsaya nan ba. Ruwan da ya jiƙa tsohon ya sa masa zazzaɓi da ciwon ƙirji, aka kwantar da shi a asibiti. Mahmud ya zo har shago a Ammariyya, a gaban masu sayayya, ya ce wa Abdulghani shi jirgi ya sayar masa, ba uba ba. Ya ce in wani abu ya sami tsohon, za su haɗu a kotu.

Abdulghani ya ba shi haƙuri, bai kare kansa ba. Shi ma a ransa bai tabbata ya yi daidai ba. Ya je asibiti dubiya, aka ce ba a shiga. Kwanakin nan ko abinci bai ci da daɗi ba.

Allah ya ba tsohon lafiya. Mahmud ya hana direba kai shi Abhur, sai tsohon ya riƙa tare tasi da sandarsa. Da iyalin suka gaji, suka ƙyale shi. Daga nan, duk Alhamis ɗin da teku ta kwanta, Abdulghani kan fita da shi su zaga cikin mashigar su dawo. Gyare-gyaren da tsohon yake masa ma suka dawo kamar da. Haka suka yi har tsohon ya rasu a 2008. A wurin ta'aziyya Mahmud ya miƙa wa Abdulghani hannu bai dubi fuskarsa ba.

A ƙarshen 2009 aka yi ambaliyar nan ta Jidda. Ruwa ya gangaro daga duwatsun gabas ya shiga unguwanni. Ɗakin ajiyar Abdulghani yana kan hanyarsa. Da ruwa ya janye, kayan shekara da shekaru suna cikin laka, bango guda ya faɗi. Ya gode wa Allah da ba a rasa rai a cikin ma'aikatansa ba, amma ba shi da abin sayarwa, ba shi da wurin ajiyewa. Ya ba da sanarwa a Abhur cewa Zinariya ta sayarwa ce.

Yana cikin jirgin yana kwashe tarkacensa sai ya ji sallama. Mahmud ne.

Ya ce mahaifiyarsa, Hajiya Zubaidatu, ita ta aiko shi. Ta ji abin da ya faru, ta kira shi ta zaunar. Ta gaya masa cewa a shekarun nan na ƙarshe, duk mako tsohon ba ya magana, ba ya son magani, sai an yi da gaske yake cin abinci. Amma ranar Laraba da kansa yake tambayar rigarsa, ranar Alhamis kuma ya dawo da labari har ta gaji da ji. Ta ce ko bayan ya fito daga asibiti, labarin ranar tseren yake ba duk wanda ya zo gaishe shi.

"Ina da ɗakin ajiya a arewacin gari, ba komai a ciki," in ji Mahmud. "Ka shiga. Gine-ginen kamfaninmu kuma suna buƙatar mai kula da na'urorinsu, na riga na ba da sunanka. Jirgin nan kada ka sayar."

Abdulghani ya ce abin ya yi yawa. Mahmud ya ce ya je ya gaya wa Hajiya haka in zai iya.

Sannan ya tsaya yana duban jirgin, ya ce bai taɓa hawansa ba, ko sau ɗaya. Abdulghani ya kwance igiya.

Ba su yi nisa ba jiri ya kama Mahmud, ya yi amai. Da ya ɗan dawo hayyacinsa ya tambayi inda mahaifinsa yake zama. Abdulghani ya nuna masa, ya matsa ya zauna a wurin. Can ya yi tambaya da Hausarsa mai tsami.

"Me yake ce maka, duk wannan lokaci?"

"Yawanci cewa yake ban iya komai ba," in ji Abdulghani.

Mahmud ya yi dariya. Sai dariyar ta yanke, ya juya fuskarsa wajen teku. Abdulghani ya mai da idonsa kan shira'i, ya ƙyale shi.

Kafin shekara ta zagayo shagon Ammariyya ya tsaya da ƙafafunsa. Abdulghani bai taɓa cin tseren Abhur ba har ya daina shiga.

Darasi: Tsohon da yake takura maka da surutu, sau da yawa abin da ya rage masa ke nan a duniya. Ka yi haƙuri da shi, ka ba shi lokacinka ko da zai jawo maka asara da dariyar mutane, domin alherin da ka yi wa mai rauni Allah ba ya mantawa da shi. In kuma naka iyayen suna raye, kada ka bari wani ya riga ka zama da su. Ka tura wannan labari ga 'yan'uwa da abokai, wataƙila wani ya tashi ya je ya gai da nasa yau.